Abin da Baffa Ya Rubuta da Jan Biro

Litinin, 2 ga Maris

Zuwa ga 'yata Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan alhamdu lillahi. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta, kunne kuwa sai abin da ya ƙaru, don haka ki daina wahalar da kanki da kira. Wayar tana hannun Gwaggonki, ita ke ɗauka ta saurara, sannan ta maimaita min da ƙarfi yadda maƙwabta ma za su ƙaru. Ki riƙa rubutowa ta akwatin gidan waya, mabuɗinsa yana aljihuna. Ita Gwaggon taki, wadda nake kira Sufeto saboda ko cokali ya sauya wuri a gidan nan sai ta yi bincike, jikinta da sauƙi, tana shan maganin zuciyarta a kan lokaci. Ɗanmu Dogo ma lafiya, wasiƙarsa ta zo daga jirgin ruwan da yake aiki.

Bayan haka, na aika miki da abin da kika roƙa. Littattafai sittin da biyu ne, aikin shekara talatin da ɗaya da na yi ina shirya wa jarida shafin wasa ƙwaƙwalwa. Na asalin ba za su bar garin nan ba sai in gawata ta riga su fita. Na kai su shagon masu hoton takardu, suka yi kwana huɗu suna ɗauka, suka ɗaure a kwali uku suka aika miki daga can.

Ba zan ɓoye miki ba, raina bai so ba. An sallame ni an ce idona ya gaji, sai kuma ga 'yar dangina ita za ta koya wa kwamfuta zama a kujerata. Kakana da kakan mahaifinki wa da ƙane ne, zumuncin da sai an zauna an lissafa da yatsu. Amma na ce tunda ba makawa sai an yi, gara ta koya daga hannuna, kada ta riƙa tambayar mutane dabba mai haushi.

Abu ɗaya zan gargaɗe ki a kai. Kowace safiya kafin in taɓa aikin jarida sai na ɗumama hannu. Nakan ɗauki jan biro in rubuta tambaya biyar ko goma da amsarsu a kan abin da na gani jiya, a gida ko a layinmu. In hannu ya saki, sai in ɗauki baƙi in yi na jarida. Duk a shafi ɗaya suke, wani layin ja, wani baƙi. Na baƙin naki ne. Na jan nawa ne, ko Sufeto ba ta taɓa karantawa ba, a kulle suke. Ki tsallake su, kada ki karanta, kada kuma ki ba na'urarki.

Sufeto ta ce in gaya miki tana jiran ki. Tun ranar da aka fara buga shafin nan ba ta taɓa tsallake rana ba, da ta ajiye kofin shayi za ta sa tabarau ta ɗauki fensir. Ta ce daga tambayar farko za ta gane aikin inji.

Baffanki.

*

Alhamis, 19 ga Maris

Zuwa ga Baffa,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙaramin ne ya ɗan yi mura amma ya warware. Allah ya ƙara wa Gwaggo sauƙi, ya dawo da Yaya Dogo lafiya. Gwiwar nan kuma Baffa, ka rage hawa bene.

Kwalaye sun iso, na gode ƙwarai. Bari in yi maka bayani a taƙaice don kada ka ce tsafi muke yi. Kwamfuta ta karanta rubutun hannunka daga takardun, ta raba kowane layi gida biyu, tambaya da amsa. Mun samu layi kusan dubu ɗari uku. Babu mahaluƙin da zai zauna ya karanta wannan, ni ma ɗari biyu na duba daga littattafan farko don in tabbatar ta karanta daidai. Daga nan muka bar ta tana bitar su dare da rana har ta kama salonka.

Yanzu aikinta biyu ne. Ta fara jera kalmomi a akwatuna, na kwance da na tsaye, har su sarƙe. Sannan ta rubuta wa kowace kalma tambaya yadda take zaton kai za ka rubuta. Akwai matata, wato abin tace kalmomi, da ke hana zagi da sunayen mutane fita. Cikin minti ɗaya take gama abin da kake yi wa wuni guda, kada ka ji haushi.

Maganar jan biro kuma ka kwantar da hankalinka, babu ja ko ɗaya a cikin abin da na ba ta.

Ranar ɗaya ga wata za a fara bugawa. Ka ce wa Gwaggo ta fiƙe fensirinta.

'Yarka,
Injiniya.

*

Juma'a, 24 ga Afrilu

Injiniya,

Ina gaisuwa. Muna lafiya a jiki. Yau ba zan tsawaita gaisuwa ba.

Makonni biyun farko na yi shiru, domin abin naki ya yi. Har haushi na ji da ya yi. To ranar Talatar da ta wuce, ta bakwai a kwance ta ce: "Mai askin ƙarƙashin bene yana ɓoye shi a aljihu idan ya fara rawa." Amsa, hannu. Wannan layin ni na rubuta shi, shekara biyar da suka wuce, da jan biro, ranar da na lura hannun mutumin nan ya fara karkarwa. Abokina ne, shi yake min aski tun ina da gashi. Ya zo har ƙofar gida da jaridar a naɗe, ya ce, "Malam, me na yi maka?" Samari suna shiga shagonsa suna cewa ya miƙe hannu su gani. Na rantse masa ba ni ba ne, ya dube ni ya juya.

Ranar Alhamis kuma sai ga wannan: "Sufeto tana rantsuwa ba ta yi, tagogi suna shaida." Amsa, minshari. Gwaggonki ta yi dariya har ta sarƙe. Ta ce, "Ashe ba ka bar aikin ba, a ɓoye kake tura musu, ka bar yarinya da suna." Ta yanke wurin da almakashi ta ajiye a gwangwanin zare. Yanzu tun kafin mai jarida ya iso tana bakin taga. Ta ce so take ta ga me kuma zan faɗa a kan gidan nan.

Na ɗauko wasiƙarki na sake karantawa. Kin ce babu ja ko ɗaya a abin da kika ba ta, ni kuma na ɗauka cire su kika yi. Jiya na ɗauki littafi ɗaya na koma shagon nan, na ce su ɗauki shafi ɗaya a gabana. Takardar ta fito da ɗuminta, layin ja da layin baƙi duk baƙi ƙirin. Na tsaya riƙe da ita har matar shagon ta turo min kujera. Ban buɗe kwalayen nan ba kafin a aika. Laifina ne, na sani, kada ki tuna min.

Ki cire su. Duka, yau, ba gobe ba. Ko ki kashe injin. Musamman abin da ke cikin littattafai shida na ƙarshe. Kada ki tambaye ni dalili, kuma kada ki kira.

Baffanki.

*

Laraba, 6 ga Mayu

Zuwa ga Baffa,

Da fatan kun tashi lafiya. Wasiƙarka ta yi kwana tara a hanya. Mu lafiya lau, sai aiki.

Baffa, ka yi haƙuri. Da na buɗe kwalayen ban ga ja ba, sai na ɗauka kai ka tace su tun daga can. Ya kamata in tambaya. Ka ba mai aski haƙuri a madadina, abin bai min daɗi ba.

Amma cirewar ba kamar yaga shafi ba ce. A wurina duk layukan kamanninsu ɗaya, ban san wanne ne ja ba. Matatarmu sunaye take kamawa, kai kuma ba ka sa sunan kowa ba, mai aski ne, Sufeto ce, mai shago ne. Sai dai ka aiko da littattafan asali in sa a sake ɗauka da launi, ko ka zauna ka yi min alama. Ko an yi hakan ma, goge layi daga taska ba ya goge abin da na'ura ta riga ta haddace. Sai an sake koyar da ita daga farko, wannan kuwa sai da izinin shugabana, kuma zai tambayi dalili.

Kashe ta ba a hannuna yake ba. In gaya maka gaskiya, editan jaridar murna yake yi. Ya ce masu karatu suna rubutowa cewa shafin ya yi rai, suna tambayar wace ce Sufeto. Irin waɗannan tambayoyin su ne aka fi so.

Ni a ganina Baffa ka ɗaga hankalinka da yawa. Minshari ne fa, kuma Gwaggo da kanta dariya ta yi. In akwai wasu 'yan zolaya a kan maƙwabta, ka rubuto min su in toshe ɗaya bayan ɗaya. Me zai kasance a littafin dattijo irinka da ya wuce wannan?

'Yarka,
Injiniya.

*

Asabar, 16 ga Mayu

'Yata,

Ina gaisuwa. Gwaggonki lafiya. Ni dai abinci ba ya wuce min.

Kin tambayi abin da zai kasance a littafin dattijo irina. Ga shi, ki karanta ke kaɗai, ki ƙona takardar.

Dogo ba ya jirgin ruwa. Bai taɓa ganin teku ba. Yana gidan yari, shekara uku ke nan, saura biyu. A garin da yake aikin tuƙi ya buge wani mutum a kan keke, tsoro ya sa ya gudu, mutumin ya rasu. A makon da aka kama shi Gwaggonki tana kwance a asibiti, kwana huɗu da yi mata aikin zuciya. Likita ya ja ni gefe ya ce kada a gaya mata abin da zai girgiza ta. Ta buɗe ido ta tambayi ɗanta, shi kaɗai gare mu. Na ce ya samu aiki a jirgi, an ce su tafi nan take, kuma babu waya a can. Na yi niyyar ƙaryar mako ɗaya ce. Da mako ya cika na ga ta fara cin abinci, sai na ƙara wani.

Asabar ɗin farkon kowane wata nakan ce mata zan je taron tsofaffin ma'aikatan jarida. Tafiyar awa uku ce a mota. Yakan rubuta mata wasiƙa a can, ni nake ba shi kalmomin, igiyar ruwa, tashar jirgi, tsuntsayen da ke bin su. In sa a ambulan in ce ta biyo ta ofishin kamfanin. Tana da su talatin da biyar a ƙarƙashin katifa. Babu wanda ya sani a dangi, babu a layinmu.

Mutum ba ya riƙe irin wannan a ciki shi kaɗai. Tun daga ranar, jan birona bai sake rubuta komai ba sai Dogo. Kowace safiya, shekara uku. Da na ba ki takardun na ce a raina wa zai zauna ya karanta littafi sittin da biyu, ban yi tunanin abin naki ba ya gajiya ba.

Littattafan ba zan iya fitar da su ba. Da farko ta san dalili, yanzu in na sake ɗaukar su za ta tsare ni da tambaya, kuma kin san ba banza nake ce mata Sufeto ba. Abin da nake yi shi ne, nakan tare mai jarida a bakin layi, in karanta shafin a tsaye kafin in shigo da ita. Ta fara tambayar me ya sa jaridar ke zuwa da alamar an buɗe. Jiya akwai wata tambaya da ta ce, "Abin da uba yake haɗiyewa a tashar mota kafin ya shiga gida." Hawaye. Ta cike ta, ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau.

Ina jin tsoro, 'yata. Tsoron ranar da za ta zauna da kofin shayinta ta rubuta da hannunta inda ɗanta yake, zuciyar nan ta tsaya a gabana. Kada shugabanki ya ji, kada edita ya ji. Ki yi abin da za ki iya.

Baffanki.

*

Talata, 26 ga Mayu

Baffa,

Na karanta, na ƙona kamar yadda ka ce. Na yi kuka a ofis sai da na shiga banɗaki na wanke fuska. Ka yafe min maganar da na yi a wancan karon. Allah ya fitar da Yaya lafiya, ya jiƙan wanda ya rasu.

Na nemi kalmar Dogo a taskarmu, layi dubu huɗu da wani abu suka fito. Ban karanta ba sai 'yan kaɗan, na goge su. Na gaya wa shugabana cewa rubutun sirri na iyali ya shiga cikin aikin, ban faɗi ko mene ne ba. Ya yarda a sake koyar da na'urar, amma sai tsakiyar wata mai zuwa, kuma aikin mako uku ne.

Kafin nan ga abin da na yi. Na hana duk tambayar da ke ɗauke da Dogo ko Sufeto fita daga kwamfutarmu. Na toshe kalmomi arba'in, irin su kurkuku, ganduroba, ziyara, alƙali, jirgi. Sannan na zauna na karanta duk wasannin da muka riga muka aika wa jarida na watan Yuni, ɗaya bayan ɗaya. Na samu uku. Ɗaya daga ciki tana cewa, "Dogo bai taɓa ganin ta ba, amma kowane wata yana ba uwarsa labarinta." Ranar tara ga wata za ta fito da ban gani ba. Na kira edita na ce wasanni uku suna da kuskure, ya yarda ya janye su, zan aika masa da madadinsu.

Amma Baffa, ka ji ni da kyau. Na rufe ƙofofin da na sani ne kawai. Shekara uku kana rubuta abu ɗaya ta hanya dubu, ya shiga cikin kalmomin da ba zan iya hasashe ba, kamar wannan ta hawaye da ba ta ambaci kowa ba. Ba zan iya rantse maka ba.

Ni 'yarka ce, bai kamata in ba ka shawara a kan gidanka ba, amma zan faɗa. Ka gaya mata. Ka kai ta wurin likita, ka zaunar da ita, ka faɗa da bakinka. In daga gare ka ta ji, za ta samu wanda za ta riƙe. Don Allah kada ka bari sai wani makon.

'Yarka.

*

Laraba, 3 ga Yuni

'Yata Injiniya,

Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki biyayya. Yau na ci abinci har na nemi ƙari, Sufeto ta ce ko an mayar da ni aiki ne. Gwiwa ma ta lafa.

Tunda kin goge, kin toshe, kin janye ukun nan, to magana ta ƙare. Dama na san ɗiyar gidanmu ba za ta bari inji ya fi ta wayo ba. Kwana goma ke nan shafin ya koma salihi, daga sunan kifi sai kayan ɗinki. Gwaggonki har ƙorafi take yi wai na daina sa ta a jarida.

Maganar gaya mata, na ji. Ke yarinya ce, ba ki ga yadda aka fito da ita daga ɗakin tiyata ba. Tana da ganin likita a ƙarshen wata, in ya ce komai daidai, zan duba. Shekara biyu ce ta rage, mun ci uku. In Dogo ya fito ya shigo da ƙafarsa, ta gan shi ta taɓa shi, sannan a yi mata bayani a hankali. Shi ma haka ya fi so.

Ki gaishe da maigidan da yara.

Baffanki.

*

Laraba, 10 ga Yuni

Baffa,

Ban sani ba ko wannan za ta riga Asabar isowa.

Edita bai jira madadin da na ce zan aika ba. Tun farkon aikin na saka masa kwafin gwaji na na'urar a kwamfutarsa don ya ga yadda take, wallahi na manta da shi. Tsohon kwafi ne, babu abin da na toshe a cikinsa. Da ya ga gurbi uku, sai ya danna da kansa ya cike. Biyu ba komai. Na ukun shi ne babban wasan ranar Asabar, sha uku ga wata. Yau na gani. Na kira shi ina roƙo, ya ce shafukan ƙarshen mako tun jiya aka buga, an ɗaure, motoci sun ɗauka.

Ta sha biyu ce a tsaye.

Na karya umarninka na kira sau biyu. Gwaggo ce ta ɗauka. Na ce ta gaya maka ka duba jaridar Asabar kafin kowa. Ta yi dariya ta ce ashe akwai ta a ciki, ita ma tana jira. Ina jin na ƙara ɓata abin ne. Da tafiyar ba ta kwana uku ba ce da yanzu ina hanya.

Na ga wasiƙarka ta ranar uku. Baffa, ban ce magana ta ƙare ba, ka sake karanta ƙarshen abin da na rubuta. In wannan ta same ka kafin Asabar, ka ajiye ta ka shiga ɗaki ka gaya mata yanzu.

'Yarka.

*

Alhamis, 25 ga Yuni

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Wasiƙarki ta iso ranar Talata, kwana uku bayan an gama. Na san shirun da na yi ya dame ki. Gwaggonki tana raye, tana kan ƙafafunta, wannan shi ne abin da kike son ji da farko.

Saƙonki na waya ya iso gare ni, da ƙarfi kamar kullum. Ranar Asabar tun kafin a buɗe shaguna ina bakin layi. Na karɓi jarida na buɗe a tsaye. Ta sha biyu a tsaye ta ce: "Abin da nake kai wa Dogo gidan yari, gandurobobi su yanka shi biyu kafin su miƙa masa." Harafi shida. Sabulu. Ko minti ɗaya ban ɓata ba, na naɗe jaridar na tura ta can ƙasan kwandon shara na kasuwa, na dawo gida na ce wa Gwaggonki yau mai jarida bai zo ba. Ta dube ni, ta ce to. Ta mayar da fensirinta cikin gwangwani.

Kin san abin kunya? Daɗi na ji. Na zauna na sha shayi ina yaba wa kaina. Shekara talatin da ɗaya ita kaɗai nake gani a gabana idan ina rubuta shafin nan, har na manta jarida ba kwafi ɗaya ake bugawa ba. Kuma duk layinmu babu wanda bai san wa ake kira Dogo ba.

Wajen ƙarfe sha ɗaya matar mai aski ta yi sallama, da wasu mata biyu a bayanta. Ba su shigo da hayaniyar da suka saba ba. Suka zauna a falo a gefen kujera, jaridar tana hannun matar mai aski. Ina tsaye a ƙofar ɗakina. Ƙasa-ƙasa suke magana, kunnen nan bai ba ni ko kalma ɗaya ba. Bakinsu kawai nake kallo, da fuskar Gwaggonki. Na ga ta miƙa hannu an ba ta jaridar. Ta sa tabarau. Ta daɗe a kan layin. Sannan ta ɗauko fensir ta cike akwatunan shida, ta mayar wa matar da jaridarta, ta raka su har ƙofa ta yi musu godiya.

Na ruga na ɗauko maganinta da ruwa, ina zubarwa a hanya. Ta karɓi kofin ta ajiye a tebur. Ta matso daidai kunnena mai ɗan ji, ta ce, "Tun yaushe?" Na faɗa. "Me ya yi?" Na faɗa. "Nawa ya rage?" Na faɗa. Ta shiga ɗaki ta ɗaga katifa, ta kwaso wasiƙun nan ta zauna ta karanta su tun daga ta farko, ni ina tsugune a bakin ƙofa ina jiran ta faɗi. Ba ta faɗi ba. Da ta gama ta ce, "Wannan ba maganar ɗana ba ce, taka ce. Shekara uku ina kwana a kan rubutunka."

Ranar Litinin na matsa mata muka je asibiti. Likita ya auna, ya saurara, ya sake aunawa. Ya ce zuciyarta ta fi ta wasu 'yan shekara hamsin, in ci gaba da duk abin da nake yi, ina kula da ita da kyau. A gabanta ya faɗa. Na rasa inda zan sa fuskata.

Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi. Tana dafa abinci ta ajiye min, tana amsa gaisuwa. Ta koma kwana a ɗakin Dogo. Jarida tana zuwa ta wuni a kan tebur a naɗe.

Ke ba ki da laifi, kada ki ɗora wa kanki. Kin faɗa min, na karanta inda ya yi min daɗi na bar sauran.

Jiya ta zo ta tsaya a kaina ina zaune. Ta ce in rubuta mata motar da ake shiga, da inda ake sauka, da abin da ake bari a shiga da shi. Na ce ai tare za mu je, hanyar tana da wuya, ga layi, ga bincike. Ta ce ta tambaya, an gaya mata mutum ɗaya ake bari ya shiga a wata. Na ce haka ne, sai mu riƙa karɓa-karɓa, wannan watan ke, mai zuwa ni. Ta sunkuyo daidai kunnena don kada in ce ban ji ba.

Ta ce, "Ka ci shekara uku kai kaɗai. Biyun da suka rage nawa ne."

Na ɗauki takarda na rubuta mata hanyar, da manyan haruffa yadda za ta gani. Na gaya mata ta zauna ta gefen hagu a motar, rana ba ta bugun nan. Shekarata saba'in da huɗu, 'yata, kuma ban yi wa yaron nan sallama ba a zuwan da na yi na ƙarshe, ce masa kawai na yi sai wata mai zuwa.

Ki sa mu a addu'a.

Baffanki.